Amfanin Fita Daji Ba Aboki

Sa'ad da aka tura ni gwajin koyarwa wani ƙauye yamma da Zariya, hayaniyar yara ta kusa sa ni ƙin aikin nan. Ran Lahadi na ɗauki sanda na nufi Dutsen Kufena ni kaɗai. Mai masaukina ya ce mai hankali ba ya shiga daji ba aboki. Dattijo ne, amma ban yarda ba, gama da ina da abokin tafiya, lalle zancen makaranta za mu yi ta yi. Na zauna gindin ɗorawa ina duban ragowar ganuwar mutanen dā, har zuciyata ta yi sanyi. Ran Litinin yaron da na ƙudura wa bulala, sunayen itatuwan dutsen na tambaye shi. Ashe ya fi ni sani.