SHARHI: Maganin bugun zuciya na neman awo, hanyar Gusau kuma na neman tsaro

Tun farkon 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiyar Zamfara, hankali kuma ya fi karkata ga gyaran gine-ginen asibitoci. Sai dai akwai majinyatan da gini kaɗai ba ya wadatar da su: masu fama da rikicewar bugun zuciya, waɗanda rayuwarsu ta rataya a kan ƙwayoyin da tazarar amfaninsu da illarsu ba ta da yawa.

Digoxin, wanda ake bayarwa don rage gudun zuciya, idan ya taru a jini yakan kawo tashin zuciya, amai, kasala, har mutum ya riƙa ganin abubuwa ruwan ɗorawa. A ƙauye sau da yawa akan ɗauki wannan a matsayin zazzaɓin cizon sauro ko taifot, a ci gaba da shan ƙwayar. Haɗarin yakan ƙaru ga mai ciwon ƙoda, ko mai shan furosemide don sauke kumburi.

Warfarin kuwa yana hana jini gudajewa, ta haka yake kare majinyaci daga shanyewar ɓarin jiki. Idan ya yi yawa, sai haɓo da zubar jini daga dasashi. Idan ya yi kaɗan, kariyar ta tafi. Ganyaye irin su zogale da alayyahu na rage ƙarfinsa, don haka yawaita su ko daina su kwatsam na sauya lissafi. Awon jini mai suna INR ne ke nuna inda aka tsaya, kuma kusan duk wata ake buƙatar sa. Sababbin magungunan da ba sa neman wannan awo suna da tsada, kuma binciken INVICTUS na 2022 ya nuna warfarin ya fi rivaroxaban ceton rai ga waɗanda ciwon ya samo asali daga lalacewar ƙofofin zuciya tun ƙuruciya.

Ƙwararrun likitoci da manyan ɗakunan gwaji sun fi taruwa a Gusau, a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. Majinyacin Tsafe dole ya bi hanyar Funtuwa zuwa Gusau, wadda ta yi ƙaurin suna wajen garkuwa da mutane. Na Bungudu ma sai ya auna kuɗin mota da tsaron rai. Wanda ya gaza zuwa yakan koma kemis da tsohuwar takarda, ko ya ajiye maganin gaba ɗaya.

Akwai ƙananan na'urorin awon INR da ɗigon jinin yatsa. Kai su babban asibitin Tsafe da na Bungudu, tare da horar da ma'aikatan jinya su gane alamun gubar digoxin, kuɗinsa bai kai na gina ɗakin kwanciya ɗaya ba. Hukumar NAFDAC na karɓar rahoton illar magani ta manhajar Med Safety, amma sai wanda ya gane illar ne zai iya kai rahotonta.