Jinjina Ga Masu Haɗa Sauti Na Daɗin Kowa, Amma Da Sauran Aiki A Gaba

Duk wanda ya daɗe yana halartar bukukuwa da tarukan waƙa a unguwar Daɗin Kowa da ke Jos zai shaida cewa dandamali ya canza. A da, lasifikoki ake jerawa a ƙasa gaban mawaƙa domin kowa ya ji muryarsa. Mai ganga ya ce a ƙara masa, mai jita ya ce shi ma ba ya jin kansa, mai rera waƙa ta ɗaga yatsa tana yi wa mai miksa alama, a yi ta ƙari har makirfo ya ɓarke da ƙugin nan mai tsaga kunne. Yau kuwa, a coci-coci da dama, da ƙananan situdiyo, da wuraren shagalin aure, sai ka ga siririyar waya ta zagaya bayan kunnen mawaƙi ta gangara cikin rigarsa. Kowa na jin abin da yake bukata a cikin kunnensa, dandamali ya yi sauƙi, murya ta fito fes. Matasan unguwar nan ne suka kawo wannan gyara, da kuɗin aljihunsu da naci irin nasu, su nake yi wa jinjina.

Yabon gwani ya zama dole, domin ba wanda ya shirya musu bita. A waya suka koya, suka tambayi na gaba da su, suka yi adashi suka sayi iyafis irin na mawaƙa, wanda ke toshe ramin kunne ruf. Mafi yawan abin da ke hannunsu shi ne mai ruwa biyu, wato wanda aka haɗa lasifika iri biyu a cikin ƙwanso ɗaya da bai wuce kan babban yatsa ba.

Ta farko ita ce irin wadda kowa ya sani, mai maganaɗisu da zaren tagulla da 'yar fata mai kaɗawa, kamar dai fatar ganga idan ta sha gula. Tana tura iska da yawa, shi ya sa ta fi iya fitar da sauti mai kauri, irin bugun babbar ganga da gurnanin jitar bes. Ta biyu 'yar mitsitsiya ce, wani siririn harshen ƙarfe ne a tsakanin maganaɗisu biyu, yana motsi kaɗan amma da sauri. Asalinta ta na'urar taimaka wa masu ƙarancin ji ce. Kamfanin Knowles na Amurka ya shahara da ƙera ta tun shekarun 1950. Ita ke fitar da siririn sauti: ƙarar faranti, kaifin tsarkiya, da haruffa irin su s da sh da ts a bakin mawaƙi. A tsakaninsu akwai wani ɗan tsari da ke raba aiki, ya aika kauri ga wannan, siriri ga waccan. Kunnen ɗan Adam mai lafiya yana jin sauti daga kaɗawa 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa guda, kuma dabarar ruwa biyu ita ce kowace lasifika ta ɗauki yankin da ta fi gwaninta a cikin wannan faɗi.

Abin bai daɗe a duniya ba. A 1995 ne Jerry Harvey, wani mai haɗa sauti a Amurka, ya ƙera wa makaɗin ganga Alex Van Halen iyafis mai lasifika biyu saboda hayaniyar dandamali ta hana shi jin abokan kiɗansa, daga nan aka kafa kamfanin Ultimate Ears. A 2011 kamfanin AKG ya fitar da K3003, mai ruwa biyu, a kan kusan dala 1,300. Bayan 'yan shekaru kamfanonin Sin irin su KZ suka shigo da nasu, wasu ba su kai dala 30 ba. Wannan arha ce ta kawo shi kunnen yaron da ke kaɗa ganga a Daɗin Kowa, kuma ni ina ganin alheri ne babba.

Ban yi mamakin yadda matasanmu suka rungumi abin ba. Jos garin kunne ne. Can gaba kaɗan da mu, a Bukuru, aka haifi Ɗan Maraya Jos a 1946, mutumin da ya riƙe duniya da kuntigi mai tsarkiya ɗaya har Allah ya karɓi ransa a watan Yunin 2015. A garin nan Panam Percy Paul ya kafa situdiyo da makarantar koyon kiɗa. Nan P-Square suka tashi, da M.I Abaga da ƙaninsa Jesse Jagz, da Ice Prince, da Jeremiah Gyang. Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979, a Jos hedikwatarta take, ga kuma kwalejin talabijin ta NTA da gidan rediyo da talabijin na jiha a Rayfield, maƙwabtanmu. Yaron da ya tashi a irin wannan wuri, in ya ji ganga ta danne murya, ransa ba zai kwanta ba sai ya gyara.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke aiki tare. Za ka tarar da mai miksa da ke hidima a coci ranar Lahadi, shi ne kuma ke ɗaukar muryar mai waƙar yabon Manzon Allah a situdiyo ranar Litinin, su ari waya a wajen juna, su ba juna shawara. Daɗin Kowa ta yi suna da haka. A rikice-rikicen da suka girgiza Jos a 2001 da 2008 da 2010, dattawa da mata da malaman addinan biyu na unguwar nan sun tsaya kai da fata suka hana a zubar da jini a cikinta. 'Ya'yansu ne waɗannan da ke zaune kan benci ɗaya suna sauraron waƙa ɗaya.

To amma ƙannena, da sauran aiki, kuma ba ƙarami ba ne.

Na ji ana alfahari da yawan lasifika: nawa biyar ne a kowane kunne, na wane biyu ne kacal. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ingancin mai ruwa biyu yana ga yadda aka daidaita lasifikokin, musamman a mahaɗar da ɗaya ke miƙa wa ɗaya aiki. In mahaɗar ba ta yi kyau ba, za ka ji kauri yana tafiya daban, siriri yana tafiya daban, murya ta faɗa rami a tsakani. Da yawa daga cikin masu arha da gangan ake ƙara musu kauri da kaifi domin su burge mai saye a minti na farko. Ga mai jin daɗin waƙa a cikin Keke wannan ba laifi. Ga mai haɗa waƙa kuwa tarko ne: kunnensa na gaya masa bes ya yi yawa, sai ya rage, kaifi ya yi yawa, sai ya rage, in waƙar ta fita sai a ji ta a dushe, ba ƙarfi. Waƙar Hausa kuwa magana ce kafin komai. Mai sauraro so yake ya ji kowane baiti, ya bambance ƙ da k, ya ji hawa da saukar murya da ke rarrabe ma'ana. Saboda haka kada wanda ya sallami waƙa bayan ya saurare ta a iyafis kaɗai. A ji ta a lasifikar situdiyo, a ji ta a ƙaramar waya, a ji ta a rediyon mai shayi, domin can za ta ƙare. A kuma riƙe waƙa biyu ko uku da aka san an haɗa su da kyau, a riƙa gwada sabon aiki da su, ta haka mutum ke sanin halin abin da ke kunnensa.

Sau da yawa ma ba na'urar ce ke da matsala ba, robar bakinta ce. In ba ta toshe kunne sosai ba, iska na zurarewa, kauri ya gudu, sai mutum ya yi ta ƙara murya yana neman abin da ba zai dawo ba. A gwada ƙarama da matsakaiciya da babba har a dace. Ƙurar hunturu da dauɗar kunne kuma suna toshe 'yar ragar da ke bakin, a riƙa sharewa. Kowa ya mallaki robarsa. Ba daidai ba ne a cire daga kunnen wannan a cusa a na wancan.

Babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne lafiyar kunnen kansa. An ƙirƙiro wannan na'ura ne domin a rage ƙara, tunda tana tare hayaniyar waje, mawaƙi ba ya bukatar ƙure murya. Amma lasifikar tana cikin ramin kunne, dab da dodon kunne, in aka ƙure ta ɓarnarta ta fi ta lasifikar ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da matasa biliyan 1 na cikin haɗarin rasa ji saboda sauraro da ƙara mai yawa. A ma'auninta, babba zai iya sauraron ƙara mai desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da illa ba, amma in ta kai 90, awa 4 ne kawai a mako gaba ɗaya. Ku lissafa awannin gwaji, da na hidima, da na situdiyo, da na biki. Ƙwayoyin gashin da ke can cikin kunne, waɗanda ke mayar da sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa, in sun mutu ba sa sake tsirowa. Kuma ɓarnar na fara cin yankin kaɗawa 4,000 ne, daidai inda kaifin haruffa yake, wato daidai abin da mai haɗa sauti ke ci da shi. Wanda ya koma gida bayan biki yana jin wani siririn "iiii" a kunne, gargaɗi ne ya samu.

Akwai wata ɗabi'a da nake roƙo a daina: cire kunne ɗaya a bar ɗaya. Na san dalili, mawaƙi yana son jin amshin jama'a. Sai dai kunnen da aka buɗe yana shan hayaniyar dandamali, wanda aka bari kuma sai an ƙara masa murya kafin a ji shi, an cuci duka biyun ke nan. Maganin yana hannun mai miksa: ya kafa makirfo ɗaya yana fuskantar jama'a, ya zuba kaɗan daga ciki a kunnen mawaƙa. Ya kuma sa abin taƙaita ƙara a kan kowane layi, domin in makirfo ya faɗi ko waya ta tsinke, kada tsawar ta dira kai tsaye a kunnen mutum. Wannan amana ce a wuyansa.

Tunda dandamali ya yi sauƙi, ya kamata lasifikokin da ke fuskantar jama'a su ma su sauko. Akwai jarirai a bayan iyayensu mata a layin gaba, akwai tsofaffi da marasa lafiya a gidajen maƙwabta. Unguwar da ta iya kiyaye ran maƙwabci za ta iya kiyaye barcinsa.

Ina kuma da wani buri. Wannan kunne da kuka horar, ku juya shi ga kayan kiɗanmu. Kundung na Birom, mai ƙahonin shanu a ƙarƙashin katakansa, da molo, da kalangu, da kuntigin da ya yi ƙaranci tun rasuwar Ɗan Maraya, duk suna bukatar wanda zai ɗauke su da tsabta tun masu kaɗa su na raye. Ku kuma jawo ƙannenku mata kusa da miksa, su ma suna da kunne.

Ranar 3 ga Maris ta kowace shekara ita ce ranar kula da ji ta duniya. Ina kira ga shugabannin ƙungiyoyin mawaƙa da masu situdiyo na Daɗin Kowa da su sa ta a jadawalinsu, su kwashi yaransu zuwa sashen kunne da hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo a auna jin kowa, sannan a maimaita duk shekara. Wanda kuma kunnensa ya riga ya fara ƙugi, kada ya jira Maris, ya tafi a makon nan.