Daga Žilina zuwa Dogon Dutsi: hanyar mai tsaron gida tana farawa ne daga rajista

A watan Agustan 2025 Martin Dubravka, mai tsaron gidan ƙasar Slovakiya, ya bar Newcastle United zuwa Burnley yana da shekara 36. Ga matasan da ke cika gidajen kallo a Dogon Dutsi da Tibiri, labari ne ƙarami a cikin hayaniyar cinikin 'yan wasa. Sai dai tarihin kulob-kulob ɗin wannan mutum yana bayyana dalilin da ya sa ƙasa mai mutum miliyan biyar da ɗoriya ke fitar da masu tsaron gida zuwa manyan gasanni, alhali Nijar, mai mutum sama da miliyan 25, ke fama da hakan.

An haifi Dubravka a birnin Žilina a 1989, kuma a kulob ɗin garinsu ya tashi. Da shi ya ci gasar ƙasarsa, ya kuma buga matakin rukuni na Gasar Zakarun Turai a kakar 2010/11. A 2014 ya tafi Esbjerg ta Denmark, daga nan sai Slovan Liberec da Sparta Prague a ƙasar Czech. Bai taka Firimiya ba sai a Fabrairun 2018, yana da shekara 29, lokacin da Newcastle ta karɓo shi aro. A wasansa na farko ya hana Manchester United cin ƙwallo, aka tashi 1-0. Daga baya ita kanta United ta ɗauke shi aro a 2022.

Abin lura shi ne kowane mataki da ya taka yana rubuce: kulob ɗin da ya raine shi, shekarun da ya yi, wasannin da ya buga. Duk mai son sayensa yana da abin dubawa.

Jihar Dosso ma tana da nata misalin. Kassaly Daouda, haifaffen Dosso a 1983, ya fara fice a Sahel SC ta Yamai, sannan ya koma Coton Sport ta Garoua a Kamaru, inda suka kai wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Afirka a 2008 kafin Al Ahly ta doke su. Ya taɓa zuwa Rapid Bucharest ta Romaniya aro, ya buga wa Chippa United ta Afirka ta Kudu, daga bisani kuma Katsina United. Shi ne ke tsaron ragar Mena lokacin da ta samu gurbin gasar cin kofin Afirka karon farko a 2012, daga rukunin da ya haɗa da Masar da Afirka ta Kudu. A 2013 kuma ya taimaka aka tashi canjaras babu ci da Kongo Kinshasa, makin farko da Nijar ta samu a gasar.

Mutanen biyu sun yi kama ta fuskar haƙuri da daɗewa a fili, domin mai tsaron gida yakan nuna ne a makare. Inda suka bambanta shi ne abin da ke bayansu. Dubravka ya fito daga tsarin da ke yaye wasu bayansa. Kassaly kuwa sai da ya isa Yamai aka san da shi, kuma har yau hanyar yaron Arewa ke nan.

A Dogon Dutsi, Matankari, Tibiri ko Gecheme, yawancin ƙwallon da yara ke bugawa na unguwa ne da na hutun makaranta, a filin rairayi ko tsakuwa. Galibi wanda ya fi ƙanƙanta ko wanda ya zo a makare ake turawa raga. Safar hannu tsada gare ta, mai horar da gola na musamman kuma abu ne mai wuyar samu a wajen manyan birane.

Babbar asarar kuwa ta takarda ce. A dokar FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin domin kulob-kulob ɗin da suka raine shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. Tun Nuwamban 2022 akwai cibiyar FIFA da ke bin sawun waɗannan kuɗaɗe ta hanyar rajistar kwamfuta. Kulob ɗin da bai yi wa yaro lasisi a hukumar FENIFOOT ba, ko sisi ba zai gani ba, ko da shi ya saya masa takalmin farko. Haka kuma dokar ta hana kai yaro ɗan ƙasa da shekara 18 wani kulob a ƙetare, in ban da 'yan keɓantattun dalilai. Don haka duk dillalin da ya ce wa iyaye su sayar da gona zai kai ɗansu mai shekara 16 Turai, a yi hattara da shi.

Jihar Dosso ta riga ta nuna cewa tsari yana aiki. A kokawa ana tankaɗe da rairaya daga ƙauye zuwa gunduma zuwa jiha, kuma ta wannan hanya Issaka Issaka ya ɗauki takobin ƙasa sau da dama. Ƙwallo na buƙatar irin wannan tsani: gasar 'yan ƙasa da shekara 15 da 17 a matakin gunduma, da lasisi da takardar haihuwa ta gaskiya ga kowane yaro.

Lokacin ma ya dace. A ƙarshen 2023 Nijar ta ɗauki Badou Zaki, tsohon mai tsaron gidan Maroko kuma gwarzon Afirka na 1986, a matsayin kocin Mena, kuma ƙungiyar ta ƙare ta biyu a bayan Maroko a rukuninta na neman gurbin kofin duniya na 2026. Sha'awa ta dawo, sai dai ba ta daɗewa idan babu abin da ya riƙe ta.

Ga 'yan Arewa mazauna Legas, Kwatano, Abidjan ko Faransa da ke aiko da riguna da kofi duk shekara, kuɗin rajistar kulob ɗaya da horar da koci ɗaya na masu tsaron gida zai fi amfani mai ɗorewa. Riga takan tsufa cikin damina ɗaya, sunan yaro a rajista kuwa yana nan har ranar da za a saye shi.