Tantance Babban Joji Amana Ce A Wuyan Majalisar Jiha



Ya 'yan uwana matasa, mun saba kokawa idan kotu ta yanke hukuncin da bai yi mana daɗi ba, amma da wuya ka ji waninmu ya tambayi ta wace hanya alƙali ya hau kujerarsa. A ganina wannan tambaya ita ce ta kamata ta zo da farko.

Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya raba aikin gida uku. Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta Jiha ce ke gabatar da sunayen waɗanda ta ga sun dace. Majalisar Kula da Harkokin Shari'a ta Ƙasa, wato NJC, ita ke tacewa ta ba da shawara, sannan gwamna ya naɗa. A kan wannan hanya ake naɗa alƙalan Babbar Kotun Jiha da na Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci, ba tare da an je majalisar dokoki ba. Amma shugabanninsu, wato Babban Joji a sashe na 271 da Alƙalin Alƙalai a sashe na 276, naɗinsu ba ya cika sai majalisar dokokin jiha ta tabbatar.

Me ya sa aka keɓe su da wannan sharaɗi? Saboda girman abin da ke hannunsu. Babban Joji shi ke shugabantar hukumar jihar da ke ɗaukar majistare da alƙalan ƙananan kotuna, tana kuma ladabtar da su, Alƙalin Alƙalai kuwa ɗan wannan hukuma ne. Ashe alƙalin da zai raba gadon marayu, ko ya saurari matar da mijinta ya gudu ya bari, daga hannun waɗannan mutane ya fito. Haka kuma idan majalisa ta tashi tsige gwamna, Babban Joji ne ke naɗa mutum bakwai da za su binciki zargin, kamar yadda sashe na 188 ya tanada. Tun gyaran 2023 kuma, alƙalin Babbar Kotu yana iya zama har shekara 70 da haihuwa, ma'ana gwamnan da ya naɗa shi zai sauka ya bar shi.

Abin takaici, sau da yawa wannan tantancewa ba ta wuce karanta wasiƙar gwamna, da 'yan kalaman yabo, sai a ce an amince. Alhali nan ne kaɗai wakilan talakawa ke da bakin magana a cikin dukan tsarin. Nan ya dace a tambayi wanda aka kawo shari'u nawa ke jibge a gabansa, me zai yi game da masu jiran shari'a da suka daɗe a gidan yari, kuma yaya zai yi da alƙalin da aka kama da karɓar toshiyar baki.

Wani zai ce ai sa hannun 'yan siyasa shi ke ɓata kotu. Wannan tsoro yana da tushe. A 2009 gwamna da majalisar Jihar Kwara sun cire Babbar Joji Raliat Elelu-Habeeb, sai a 2012 Kotun Ƙoli ta ce ba su da ikon yin haka ba tare da NJC ba. A Jihar Ribas kuwa, a 2014 Gwamna Rotimi Amaechi ya rantsar da Mai Shari'a Peter Agumagu, alhali Mai Shari'a Daisy Okocha NJC ta ba da. Rikicin ya kai ga rufe kotunan jihar wata da watanni, masu neman hakkinsu suka rasa inda za su kai kuka. Darasin da na ɗauka shi ne kowane ɓangare ya tsaya a iyakarsa. Majalisa ba ta da hurumin zaɓo nata mutum, amma tana da cikakken iko ta yi tambaya, ta kuma ƙi amincewa idan ta ga dalili.

Magabatanmu ba su ɗauki alƙalanci da wasa ba. Malamai da dama sun guje shi don tsoron nauyinsa, kuma fiƙihu ya shar'anta ilimi da adalci ga wanda za a naɗa. To, wanda ya ɗaga hannu ya amince da mutumin da bai bincika ba, shaida ya bayar a kan abin da bai sani ba, kuma za a tambaye shi.

Don haka idan aka aika sunan Babban Joji ko Alƙalin Alƙalai zuwa majalisar jiharku, ku nemi ɗan majalisarku, ku tambaye shi wace tambaya ya shirya, ku kuma nemi a yi zaman a bainar jama'a. Allah Ya ba mu alƙalai masu tsoronSa, Ya kiyaye mu daga zalunta ko a zalunce mu, amin.

Wassalamu alaikum.