Ƙwayar Bitamin Ba Tuwo Ba Ce

 Ya ku ɗalibai da iyayen yara, ina son mu duba wata ɗabi'a da ta yaɗu a gidajenmu. Da zarar yaro ya rame ko ya ƙi cin abinci, sai a aika kemis a sayo bitamin ko maganin ƙarin jini. Wani ma a wajen mai talla a tasha yake saye, wanda rana ta yini tana dukan kayansa. A ra'ayina, kuɗin nan sun fi amfani a tukunya.

Dalili na farko, abin da ake nema a kwalba yana cikin abincinmu. Bitamin A, wanda rashinsa yake kawo dundumi, yana cikin hanta da ƙwai da manja da karas da mangwaro da zogale. Bitamin C yana cikin gwaiba da lemo. Sinadarin ƙarfe mai gina jini kuwa yana cikin nama da wake da alayyafo.

Na biyu, sau da yawa zazzaɓin cizon sauro ko tsutsar ciki ne suke cinye jinin yaro. In ba a magance su ba, to, ai ana zuba ruwa ne a kwando.

Amma fa kada wani ya ce malam ya hana shan bitamin. A'a. Akwai masu bukata ta haƙiƙa. Mai juna biyu ta je awo, ta riƙa shan ƙwayar ƙarin jini da ta folik asid kullum, domin folik asid yana kare ɗan tayi daga nakasar ƙashin baya, musamman in an fara shi tun kafin ciki ya shiga. Haka nan yara daga wata 6 zuwa wata 59, ana ɗiga musu bitamin A duk bayan wata 6. Wannan kada a yi sakaci da shi.

Sai dai kome ya wuce kima ya zama cuta. Bitamin A in ya yi yawa taruwa yake a hanta, kuma yana iya nakasa ɗan tayi. Ƙwayar ƙarin jini kuwa kama take da alewa, ƙaramin yaro in ya haɗiye ta da yawa tana iya kashe shi. Wannan ba wasa ba ne.

Saboda haka, iyaye, kafin ku saya ku tambayi ma'aikacin lafiya, matambayi ba ya ɓata. Ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewar magani. Kada ku ƙara a kan ƙa'ida, kuma kada a kora ƙwayar ƙarin jini da shayi, domin yana hana jiki tsotse ta. Ku ajiye ta inda hannun yaro ba ya kaiwa. Ku kuma ɗalibai, ku karanta wa iyayenku wannan, sa'an nan ku daina tsince ganye daga cikin miya!

Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.