Tsaron Amya Daga Bakin Teku Yake Farawa

Duk wanda ya san ƙasar Lafiya ya san cewa arzikinta a gona yake: doya, riɗi, agushi, yazawa da mangwaro. Abin da jama'a ba su cika lura da shi ba shi ne, ban da doya, sauran amfanin nan duka suna ƙara yabanya ne idan ƙudan zuma ya bi furensu yana kai ƙurar wannan zuwa wancan. Saboda haka ranar da annoba ta shiga amyoyin Jihar Nasarawa, asarar za ta wuce kan mai sayar da zuma, ta isa har rumbun manomin riɗi a Doma da mai lambun yazawa a Lafiya.

Wannan magana ta shafi 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Anacha da Fatakwal ƙwarai da gaske, domin kuwa cutar zuma ba ta yin doguwar tafiya da ƙafarta, mutum ne yake ɗaukarta a jirgi ko a mota. Lafiya kuwa tana kan babbar hanyar da ta taso daga Makurɗi ta nufi Akwanga, inda motocin da suka kai doya Kudu suke biyowa da kaya iri-iri.

Akwai wata 'yar mitsitsiyar kaska ja, wadda masana ke kira baroa, girmanta bai wuce kan allura ba. Tana manne wa ƙuda da 'ya'yansa tana tsotsarsu, tana kuma sa musu cutar da ke naƙasa fiffike. Asalinta daga Asiya take, amma cinikin ƙudan zuma ya kai ta Amurka a 1987, ta ɓulla a Afirka ta Kudu a 1997, masana kuma sun tabbatar da ita a amyoyin kudu maso yammacin Nijeriya. Ƙasar Ostireliya ta daɗe tana tsare gaɓar tekunta, amma a watan Yuni na 2022 aka ga kaskar a tashar jiragen ruwa ta Niyukasil. Gwamnati ta hallaka dubban amyoyi don ta kawar da ita, a watan Satumba na 2023 ta haƙura. To, idan ƙasa mai wannan ƙarfi ta kasa fitar da ita bayan ta shiga, ina ga talakan da ya rataya amya goma a kan ɗorawa?

Gwargwadon binciken masana, ƙudan zuman Afirka ya fi na Turai juriyar wannan kaska. Wannan dalili ne babba na barin kwaɗayin ƙudan waje. Wanda ya shigo da na Turai don an ce ba shi da faɗa, ya kawo wanda zai riga mutuwa, mai yiwuwa kuma da wata cuta a jikinsa. Ƙwaron da ke da sauƙi a wani wuri yakan zama bala'i a wani. Ƙaramin buzuzun amya ɗan Afirka ne, ƙudan nan ya san yadda yake zama da shi, amma da ya isa Amurka a 1996, ya kuma isa Italiya a 2014, ya yi ɓarna mai yawa.

Wadda ta fi ban tsoro ita ce cutar ruɓar 'ya'yan zuma, wadda ta addabi masu kiwo a yankin Kef na Afirka ta Kudu tun daga 2009. Ƙwayarta takan ɓuya cikin zuma da kaki da tsohon akwati shekaru da yawa ba ta mutu ba. Ba ta cutar da mutumin da ya sha, amma idan aka bar jarka ko kwalbar da ta ɗauko zuman waje a buɗe, ƙuda zai lasa, ya kai wa 'ya'yansa. Amyar da ta kamu sosai kuwa maganinta wuta.

Saboda haka wajibi ne ɗan kasuwar da ke aika wa ɗan'uwansa kaya gida ya kiyaye abu uku. Kada ya aika da ƙuda ko sarauniyar da bai san asalinta ba. Kada ya sayi tsohon akwatin kiwo ko saƙa don arha, domin arha ba ta ado. Jarkar da za ta koma gida ɗebo zuma kuwa, a wanke ta tas da ruwan zafi, a rufe bakinta kafin ta hau mota.

Masu kiwo a gida su ma da nasu aikin. Sabon taron ƙuda a ajiye shi nesa da sauran na 'yan makonni, a ga lafiyarsa. Akwatin da aka taɓa aiki da shi a babbaka cikinsa kafin a sake zuba ƙuda. Tsohuwar saƙa kada a yar da ita a gindin itace, domin ita ke kiran asu mai cin kaki, a kuma tsare ƙafafun akwati da toka ko mai saboda kwarkwasa. Amyar gargajiya da ba a leƙa cikinta sai daren ɗiba takan ɓoye cuta wata da watanni, alhali akwati mai sanduna yana ba da damar dubawa a kowane lokaci.

Sauran aiki na hukuma ne. Hukumar tsare shigowar cututtukan dabbobi da tsirrai ta Tarayya, watau NAQS, ya kamata ta sa ido a kan zuma da kayan kiwonsa a Apapa da kan iyakoki kamar yadda take yi wa dabbobi. Lafiya tana da Kwalejin Aikin Gona, tana da Jami'ar Tarayya, ga kuma sashen aikin gona na Jami'ar Jihar a Shabu. Bai kamata a ce an rasa inda mai amya zai kai saƙar da bai yarda da ita ba a duba masa, ko malamin gona da zai kewaya ƙauyuka yana nuna wa mutane alamun cuta.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. A wannan sha'ani rigakafin bai wuce ruwan zafi da kula da abin da ake ɗorawa a mota ba, kuma yana hannun kowane ɗan Arewa da ke aika kaya gida. Allah Ya sa a kula.