Abin Da Na Gani A Gaɓar Teku A Badagiri

Mu mutanen Sakkwato ba mu san ruwan da ya wuce Gulbin Rima ba, saboda haka duk wanda fatauci ko aikin gwamnati ya kai shi Ikko, ina ba shi shawara ya ware yini guda ya leƙa Badagiri, kusa da iyakar Jamhuriyar Benin.

Gari ne mai natsuwa, ba shi da hayaniyar Ikko. Akwai hanya da ta bi gefen ruwa, ana ce mata Marina. Da la'asar sakaliya mutum ya taka a hankali, ga itatuwan kwakwa, ga masunta suna gyaran koma, ga tsohon benen da 'yan mishan suka gama ginawa a 1845. Shan iska irin wannan halal ne, muddin an tsare salla kuma an kiyaye ido. Ruwan teku yana da tsarki, ana alwala da shi, kuma a mazhabar Imamu Malik abin da aka kamo a cikinsa ya halatta a ci.

Garin nan yana da alaƙa da mu. Daga nan ne Bature Kilafatan ya kamo hanya a ƙarshen 1825 don ya sake ganin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma a Sakkwato ajali ya same shi a 1827.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan: a gefen hanyar akwai ƙananan ɗakuna inda ake tsare bayi, har yau ga sarƙoƙin ana nunawa. Daga nan ake ƙetarar da su a kwalekwale zuwa tsibirin Gberefu, a kora su bisa rairayi har bakin jirgin da ba ya komowa da kowa. Cikin waɗanda aka kwasa daga gaɓar wannan yanki zuwa Bahiya ta ƙasar Barazil akwai Hausawa, wasunsu ma'abota karatu. Musulmin can ne suka yi tawaye cikin Ramadan na 1835.

To, ya kai ɗan kasuwa, waɗanda suka yi wannan ciniki su ma riba suke lissafi. Ya tabbata a hadisi cewa wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa, Allah ne abokin shari'arsa ranar alƙiyama. Haka wanda ya sa ɗan ƙodago aiki ya hana shi ladansa. Wannan na biyun yana nan a shagunanmu da ofisoshinmu. Idan ka dawo, duba yaron shagonka da masinjanka: an biya su haƙƙinsu a kan kari?

Allah Ya sa tafiyarmu ta zama wa'azi gare mu, amin. Wassalam.